Shekara uku a littafi, Lahadi ɗaya a Gujungu

Littafin yana gabana yanzu da nake wannan rubutu. Irin mai bango mai taurin nan ne da 'yan sakandare ke saya. In ka buɗe shi ta gaba, shafukan fes suke, rubutu a jere, an ja layi da rula. In ka juya shi ka buɗe ta baya, kamar ba shi ba: takarda ta sha maiƙo har ana hango rubutun bayanta, lissafi a karkace, soke-soke ko ta ina. Mai shi ɗan yayata ne, autanta, kuma Auta kowa ke ce masa a gida, don haka da shi zan kira shi a nan. Ya ba ni aro ne bisa sharaɗin in mayar masa kafin Lahadi, domin ba ya shiga kasuwar Gujungu babu littafin a jakarsa.

Ƙauyenmu yana ƙaramar hukumar Taura a Jihar Jigawa. Ni malamin makaranta ne, aiki ya kai ni Kano, amma ba na rufa wata ban leƙa gida ba. Abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi, kuma da hannuna a ciki, har a ɓangaren da ya jawo jinkiri. Na ga ya kamata a rubuta shi filla-filla saboda samari masu irin wannan littafi sun yi yawa a garuruwanmu, galibinsu kuma ba malalata ba ne.

Abin da ke shafukan gaba

Auta ya gama difloma a fannin kasuwanci a 2019. Kullen korona na 2020 ya same shi a gida babu aiki, a nan ya zauna ya tsara abin da ya kira kamfanin man gyaɗa. Zai sayi injin matsa irin babban nan da ake zuba gyaɗa ta sama, mai ya tsiyayo ta gefe, dusar ta fito a bushe ta baki. Zai sayi janareto mai aiki da gas, ya gina ɗaki na bulo, ya yi rajistar suna a hukumar CAC, ya nemi lambar NAFDAC, ya buga robobi masu tambari. Jimillar lissafinsa na farko ta haura naira miliyan 3.

Hujjarsa ba ta da makusa. Ƙasarmu ƙasar gyaɗa ce tun kakanni. Layin dogon da ya tashi daga Kano ya bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori har ya dire Nguru a 1930, gyaɗa ce babban kayan da ya yi ta kwasa. Farin farkon shekarun 1970 da kuturtar gyaɗa ta 1975, wadda ƙwaron darɓa ke yaɗawa, su suka karya noman har dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano. Amma noman bai mutu ba. Manoma sun riƙe irin gyaɗar nan da ake kira 'yar Dakar, daga baya cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ta fito da irin da ke jure kuturta, kamar SAMNUT 24 da aka saki a 2011, mai nuna cikin kimanin wata uku. Kowace Lahadi ta kaka manyan motoci na lodin gyaɗa a Gujungu zuwa Dawanau da masana'antun Kano, man kuma ya dawo mana a jarka da tsada. Tambayar Auta ita ce, me zai hana a matse ta a inda aka noma ta?

Duk zuwana gida sai ya kawo mini littafin. Ni kuma sai in ciro jan biro in hau gyara: nan ka manta kuɗin dako, nan ka ƙara shafi kan masu irin sana'ar, nan hasashen ribarka ya yi yawa. Mukan kai dare muna yi, mu tashi da jin cewa an yi aiki. Yanzu na gane cewa wannan jin daɗin shi ne abin da ya cuce mu, domin gyaran takarda yana ba mutum irin gamsuwar da aiki ke bayarwa, alhali ko ƙwayar gyaɗa ɗaya ba a soya ba. Sau biyu ya cike fom ɗin neman rance a shagon intanet, sau ɗaya ya je Dutse bin sawu, shiru. Akwai shafi guda da ke ba ni tausayi duk lokacin da na buɗe shi: farashin injin ne a rubuce sau uku, na 2020 an soke, na 2021 an soke, na 2022 a ƙasa, kowanne ya ɗara na samansa. Yana tara kuɗi da ɗan noma da kiwon tumaki, injin yana ƙara yi masa nisa.

In an ce masa ya fara da kaɗan, amsarsa ɗaya ce: "Kawu, da muguwar rawa gara ƙin tashi." Samarin majalisarsu suka laƙaba masa "mai kamfani". Yakan yi dariya tare da su, amma na san abin yana cinsa.

A cikin gidan nan kuwa, bayan zanan da yake zama yana lissafi, mahaifiyarsa ta fi shekara talatin tana ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Da kuɗin ta aurar da 'yan mata uku, da shi ta biya wani ɓangare na karatun shi kansa Auta. Na sake bin shafukan gaba ɗaya bayan ɗaya kafin in fara wannan rubutu. Babu layi ɗaya da aka ambace ta, kuma ni da jan birona ban taɓa lura da wannan giɓi ba.

Daren da Yaya ta sa baki

Daminar 2022 ta zo da ambaliyar da ta yi ɓarna a sassa da dama na Jigawa, yankin Ringim na ciki. Gonakinmu na kan tudu sun tsira, Auta ya sami ɗan abin da ya samu, ya kuma sayar da rago ɗaya. Wani daren Alhamis cikin kaka muna zaune a tsakar gida bayan isha, ya sake buɗe littafin yana nuna mini sabon farashi da fitilar waya. Yaya tana gefe tana ɓarar gyaɗa, ba ta ɗago kai ba ta ce, "Auta, a cikin littafin nan naka, ran yaushe za a sayi gyaɗar farko?"

Ya ce, "Inna, ai sai inji ya zo."

"Injin ran yaushe?"

Bai ce komai ba. Ta karkaɗe zaninta ta ce, "Gata Lahadi. Ka je Gujungu ka auno kwano goma da kuɗin ragonka. Ni zan nuna maka suya da matsa, amma sayarwa kai za ka yi, ba zan ba yarinya ta kai maka talla ba. Daren Lahadi ta sama ka zo nan ka zauna ka gaya mini abin da ya shiga da abin da ya fita." Sannan ta juyo gare ni: "Malam, kai kuma don Allah ka ajiye jan biron nan tukuna."

Na daɗe ina juya wannan magana. Yaya ba ta yi boko ba, allo ta yi. Ba ta ce shirin Auta banza ne ba, ba ta ma san abin da ke ciki ba. Abin da ta gano shi ne shirin ba shi da rana. Komai a cikinsa yana jiran wani abu: gini yana jiran rance, inji yana jiran gini, gyaɗa tana jiran inji, rancen kuma yana hannun mutanen da ba su san da zaman Auta ba. Sai ta yanko masa aikin da kuɗinsa ke aljihunsa, ta ɗaura shi a kan ranar da ba shi da ikon ɗagawa, tun da kasuwa ba ta jiran kowa. Abin da ya fi komai nauyi a wurina shi ne na ƙarshen, wato zaman daren Lahadi. Shekara uku Auta yana yi wa kansa alkawari yana saɓawa, babu mai tambayarsa. Yanzu akwai wadda zai zauna a gabanta, kuma uwa ce.

Kwano goma

Ranar Lahadi na fasa komawa Kano na bi shi. A layin 'yan gyaɗa na ga yaron da ya rubuta shafi arba'in kan man gyaɗa bai san yadda ake zaɓenta ba. Abin da Yaya ta karanta masa da safe shi ya yi ta bi: ya ɗebo daga ƙasan buhu, kada ya yarda da ta sama, ya ciza, busasshiya ƙas take yi, mai danshi kuwa lanƙwasa take a haƙori, ya duba masu yamushewa da masu baƙin ciki da masu ƙurar fumfuna, ya tsaya a kan mai awo ya ga kwanon ya yi tozo. Ya taya, aka ce albarka, ya ƙara, aka sallama. Da muka fito dillalin da ya san ni ya raɗa mini cewa an ɗan ɗora masa, don an ga baƙo ne. Ban gaya masa ba sai da muka isa gida, shi kuma ya rubuta. Wannan shi ne layin farko a shafukan baya.

Litinin aka tsince, aka soya a kasko da yashi don kada ta ƙone, aka murje, aka bakace ɓawon. Talata da sassafe ya kai markaɗe wurin mai inji. Daga nan sai aikin da ya fi wuya. Ana zuba markaɗen a turmi, ana yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana juyawa da taɓarya, har ya haɗe ya yi duhu, man ya fara tasowa yana ƙyalli a sama. In ruwa ya yi yawa an ɓata, in ya yi kaɗan man ya ƙi fita. Yaya da ido take ganewa. Auta ya karɓi taɓarya, kafin a gama turmi na biyu tafin hannunsa ya yi bororo. Aka kwashe mai, aka matse tunkuza, aka murza ƙuli, aka soya shi a cikin man nasa. Kwalba tara aka samu, da ƙuli cikin babbar roba.

Sai sayarwa, kuma a nan ne ainihin abin da ya riƙe shi shekara uku ya fito fili. Ya ɗaure kayan a babur ranar Laraba ya tafi Ringim, ya zaga gari ya dawo da su yadda ya tafi da su. Ya ce babu kasuwa. Yaya ta tambaye shi mutum nawa ya yi wa magana, ya sunkuyar da kai. Ko ɗaya. Kunya ce. A wurinmu ƙuli sana'ar mata ce, tallansa na 'yan mata ne, shi kuma ga difloma, ga abokan karatu a Ringim. Daga baya shi da bakinsa ya gaya mini cewa injin miliyan 3 ɗin, ban da amfaninsa, wata rumfa ce da yake fakewa a ciki, domin mai kamfani ba ya tsayawa gaban mai tsire da robar ƙuli. Ban ga laifinsa ba. Na dai yi baƙin cikin cewa al'adarmu ta sa saurayi yana jin zaman banza ya fi masa mutunci a kan neman halak.

Alhamis ya koma. Wata mai ƙosai a bakin tasha ta shinshina man, ta ɗiga a harshe, ta ɗauki kwalba uku. Wani dattijo mai tsire ya gutsuri ƙulin ya ce, "Samari, wannan na yara ne, akwai sukari. In za ka kawo mini wanda babu sukari babu yaji, ya soyu sosai don ya daku, kullum Laraba ina so." Ya sayi rabi duk da haka.

Daren Lahadi aka zauna. Da aka haɗa lissafi, kuɗin man da ƙyar ya mayar da kuɗin gyaɗa. Abin da ya hau kai duk daga ƙuli ya fito. Yaya ta ce ai haka abin yake tun tana amarya, mai ya dawo da uwar kuɗi, ƙuli ya ba ka riba. Auta ya yi shiru, domin ya gane abin da wannan ke nufi ga shirinsa. Kusan rabin nauyin gyaɗa mai ne, kuma hannu ba ya iya fitar da shi duka. Ragowar da ke cikin tunkuza ita ke sa ƙuli daɗi. Babban injin da ya so saya yana tatse man sosai, amma abin da yake fitarwa busasshiyar dusa ce ta abincin kaji da dabbobi, ba a ƙuli da ita. Da rancen ya fito, da ya sayi injin da zai raba shi da kasuwar da ke kusa da shi, ya jefa shi gogayyar farashin mai da manyan masana'antun Kano. Mako ɗaya da kwano goma suka nuna masa wannan.

Yadda mako ya zama ma'auni

Mutumin karkara ba ya buƙatar a zana masa jadawali, kasuwanni sun riga sun zana: Lahadi Gujungu, Litinin Shuwarin, Talata Sara, Alhamis Maigatari. Auta ya rataya aikinsa a kan wannan. Lahadi saye, Litinin da Talata aiki, Laraba kai kaya, sauran kwanakin karɓar kuɗi da neman sabon mai saye. Kowane daren Lahadi, bayan lissafi, yakan rubuta abin da zai yi a mako mai zuwa wanda bai saba yi ba, kuma Yaya ta hana shi wuce abu uku. Kowanne da ranarsa a gefe. In mako ya zagayo sai ya karanta mata, ya rubuta "na yi" ko "ban yi ba" da dalili. Abin da ya kwana biyu a shafi, wato ya yi mako biyu ba a yi shi ba, ko dai a yi shi da safiyar Litinin kafin komai, ko a soke shi a daina yaudarar kai.

Cikin wata biyu ya tashi daga kwano goma zuwa buhu guda mai kwano arba'in a mako. Hannun Yaya ba zai iya ba, sai aka shigo da mata huɗu na maƙwabta, ana biyansu a kan kwano. Nan ma an sha wuya kafin aiki ya daidaita: wata ta ƙona suya man ya yi ɗaci, wata ƙulinta bai soyu ba mai tsire ya dawo da shi. Sai aka raba, suya a gida ɗaya ƙarƙashin idon Yaya, matsa da murza a sauran gidajen.

A nan ne kuma shafukan gaba suka biya bashinsu, kuma dole in faɗi wannan don kada a ɗauka karatun Auta bai yi rana ba. Shi ya saba rubuta kowane kashe-kashe, har itace da gishiri da man babur. Da ya lissafa itace da ruwa da wunin da Yaya ke yi a gaban wuta, sai ya ga cewa abin da ta daɗe tana kira riba, yawancinsa ladan wahalarta ne kawai, wani makon ma bai kai ba. Ya ce daga ranar zai riƙa biyanta a kan kwano kamar sauran matan. Ta ce ba ta karɓar lada a hannun ɗanta. Ya ce, "Inna, in ba ki karɓa ba lissafina ƙarya ne." Ta karɓa, ta zuba a adashi.

Abubuwan da suka kusa kayar da shi

Na farko bashi ne. Wani mai shago ya karɓi jarka biyu ya ce sai ya sayar. Auta ya ji daɗin babban ciniki, bai tambayi kowa ba ya bayar. Wata ya wuce, biyu suka wuce, kullum gobe. Har yau da saura a kansa. Tun daga nan ya kafa ƙa'ida: ba a ba mutum kaya na biyu sai ya biya na farko, sabon mai saye kuma kuɗi hannu.

Na biyu ba laifin kowa ba ne a ƙauyen. A Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin takardun ₦200 da ₦500 da ₦1,000, aka sa wa'adin 31 ga Janairun 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Sababbin kuɗi ba su wadata ba, tsofaffin kuma mutane na gudunsu. Manomin da ya kawo gyaɗa Gujungu ba shi da asusun banki, ba ya karɓar taransifa, masu POS kuma in ma suna da tsabar kuɗi sai da caji mai nauyi. Masu tsiren Ringim suna turo wa Auta kuɗi a asusun da ya buɗe tun zamanin neman rance, ga kuɗi a waya, babu abin sayen gyaɗa. Ya zo zaman Lahadi da shawarar a dakata har abin ya lafa. Yaya ta ƙi. Ta ce, "Ko kwano biyar ne a soya. Mai tsire in ya neme ka Laraba biyu bai gan ka ba, ta uku wani zai samu." Suka koma musaya: ya bi gidajen ƙauyen da ke da gyaɗa a rumbu, ya ba su mai su ba shi gyaɗa. Aikin ya sauko zuwa kwano goma sha biyar, amma babu Larabar da bai je ba, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin kuɗin su ci gaba da aiki, kuɗi suka fara dawowa hannun mutane dab da azumi. A azumin nan masu ƙosai suka yi masa ciniki irin wanda bai taɓa gani ba, kuma biyu daga cikinsu ya same su ne saboda mai kawo musu mai ya daina zuwa lokacin ƙarancin kuɗi.

Na uku shi ne ya fi ba ni tsoro, domin bai ji zuwansa ba. Gyaɗa tana araha da kaka, tana hawa har zuwa lokacin shuka. Auta yana ƙirga jarinsa da naira, yana ganin lamba tana ƙaruwa, sai ya riƙa cire abin da yake ɗauka riba ne, ya sayi waya, ya yi ɗinkin sallah. Ana cikin haka aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da ₦200 a farashin hukuma zuwa sama da ₦500 cikin 'yan kwanaki. Mai markaɗe ya ƙara kuɗi, zuwa Ringim ya ƙara tsada. Wata Lahadi ya je da kuɗin da a baya ke sayen buhu uku, ya dawo da biyu da 'yan kwanuka. Ashe uwar kuɗi yake ci. Yaya ta tambaye shi, "Jarinka buhu nawa ne?" Ya fara faɗin naira, ta katse shi ta ce buhu ta tambaya. Daga ranar, a saman kowane shafi yana rubuta jarinsa da buhu, kuma ba ya taɓa ko sisi sai ya ware kuɗin da zai mayar da adadin buhunan a farashin ranar. A ganina duk mai ƙaramar sana'a a wannan zamani na hauhawar farashi ya kamata ya ji wannan tambaya. Markaɗe ya koma sau ɗaya a mako, kai kaya ma zuwa ɗaya.

Injin da aka saya a ƙarshe

Bayan shekara guda cur yana aikin, ba sai an gaya masa inda yake maƙalewa ba. Matsa ce. Ita ke cinye wuni, ita ke sa mata ciwon kafaɗa, ita ke hana shi wuce buhu uku. Akwai ƙaramin inji da masu walda ke ƙerawa a Kano, tukunya ce ta ƙarfe mai sanda a tsakiya da ke juya markaɗe yadda taɓarya ke yi, ana zuba ruwan zafi da hannu, tunkuzarsa kuma tana yin ƙuli. Da kwasar adashinsa da wani abu da na saka a matsayin hannun jari, a rubuce da shaidu, aka saya. Bai sayi janareto ba, bai yi gini ba. Ya yi magana da mai markaɗen ƙauyen aka girke injin a rumfarsa, ana ɗaura masa bel daga injinsa, ana ba shi wani abu a kan kowane buhu. Duk abin da aka kashe bai kai kashi ɗaya cikin biyar na lissafin 2020 ba.

Wannan ci gaba bai zo babu ciwo ba. Kuɗin matsa shi ne mafi tsoka a abin da matan ke samu, inji kuma ya ɗauke shi. Auta ya yi ƙoƙarin cike giɓin da ƙarin suya da murza tun da kaya sun ƙaru, uku suka yarda, ɗaya ta yi fushi ta daina, har ta yi wata ba ta shigo gidan Yaya ba. Ina ganin da ya zauna da su kafin a kawo injin, da abin bai kai haka ba. Ya yarda da wannan, kuma ya je ya ba ta haƙuri, sai dai ba ta dawo aikin ba.

Akwai sauran aiki. Bai yi rajistar suna ba, balle NAFDAC, don haka mansa ba zai shiga manyan kantuna ba. A nan ni da Yaya mun saɓa: ita tana ganin takarda ɓata kuɗi ce, ni kuwa ina ganin lokacinta ya kusa. Ajiyar gyaɗa da kaka, wadda ita ce za ta kare shi daga tsadar bazara, har yanzu kaɗan yake iyawa, don kuɗin da aka kulle a ɗaki ba ya juyawa. Kuma ina yawan yi masa maganar tsinta, domin gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da gubar afilatoksin mai lahanta hanta, suya ba ta kawar da ita, ƙulin nan kuwa yara ke ci. Yanzu akwai mace guda da aikinta ke nan kawai, tsince gyaɗa a faifai kafin ta shiga kasko, kuma abin da aka tsince ba ya komawa cikin kaya.

Da ya miƙo mini littafin makon jiya, na buɗe shafin ƙarshe a gabansa. A sama an rubuta jari da buhu. A ƙasa abu uku na mako: ya je Gumel ranar Alhamis ya gana da masu tsire biyu da aka yi masa kwatancensu, ya canja bel ɗin inji ranar Litinin, na uku kuma ba nasa ba ne. An rubuta, "Kawu: farashin gangar suya wurin masu walda, Laraba." Tun kafin sallah na ce zan tambayo masa, ban je ba. Yaya ta leƙo daga madafa ta ce, "Malam, ka ji dai. Lahadi da daddare har da kai zan tambaya."

Na je ranar Laraba bayan an tashi daga makaranta. Farashi uku na samo daga wurare uku, na rubuta su da fensir a ƙasan sunana, gobe Asabar in Allah ya kai mu zan kama motar Gujungu.